Amsoshin Takardunku: Shin Zafi Yana Rage Ƙarfin Ginshiƙi?

 Wannan fili namu ne na amsa takardunku, wanda muke bugawa a wannan shafi bayan mun gabatar da shi a rediyo, domin waɗanda ba su samu saurare ba, da kuma waɗanda suka saurara amma suna so su ajiye su sake dubawa.

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani manomi kuma ɗan kasuwar hatsi a Batsari ta jihar Katsina. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni dai ina da niyyar kafa rumfa mai dandamali a sama, inda zan riƙa jibge buhunan gero da masara bayan kaka. Mai walda ya ce bututun ƙarfe siriri guda huɗu sun isa. Wani abokina mutumin Safana ya ce kada in kuskura, wai zafin bazara zai tausasa ƙarfen ya lanƙwashe, gara in sa dirka ta icce irin ta iyayenmu. Muna cikin wannan sai ɗan ƙanena mai karatu a jami'a ya ce ai yanzu masana sun gano wani bututu na gawayi wanda ya fi ƙarfe ƙarfi, kuma zafi ba ya yi masa komai. Gardama ta kaure a majalisarmu har yau ba ta mutu ba. Don Allah ku warware mana. Wane ne mai gaskiya, kuma ina ake sayar da wannan bututu?"

To, Malam, mun gode da wannan takarda. A taƙaice dai kowane ɗaya daga cikin mutanen nan uku yana da gaskiya a wani wuri, kuma ya yi kuskure a wani wuri. Bari mu bi abin daki-daki, mu fara da abin da kowa ya sani a gona.

Yadda ginshiƙi yake faɗuwa

Ɗauki karan dawa busasshe mai tsawon kamu ɗaya, ka kama shi da hannu biyu ka ja. Da wuya ka tsinka shi. Yanzu kafa shi a ƙasa ka danna shi daga sama da tafin hannunka. Da farko zai tsaya ƙyam, ka ƙara dannawa ya tsaya, can sai ka ga ya yi ciki gefe guda kamar baka, nan take ya karye. Ka lura, karan bai murƙushe ba, gocewa ya yi gefe. Haka yawancin siraran ginshiƙai suke faɗuwa, ko na kara ne, ko na gora, ko na ƙarfe. Kuma abin tsoron shi ne ba sa yin gargaɗi. Buhu ashirin a kai lafiya lau, a ɗora na ashirin da ɗaya komai ya zube.

Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Siwizalan mai suna Leonhard Euler ya fitar da ƙa'idar wannan al'amari tun a shekarar 1744, kuma har gobe da ita injiniyoyi suke aiki. Ƙa'idar ta ce idan ka ninka tsawon siririn ginshiƙi sau biyu, nauyin da zai iya ɗauka ba rabi zai koma ba, kashi ɗaya cikin huɗu zai koma. Wato in bututu mai tsawon mita 2 yana ɗaukar buhu 20 kafin ya lanƙwashe, irinsa mai tsawon mita 4 buhu 5 kawai zai ɗauka. Haka kuma in ka ɗaure dogon ginshiƙi a tsakiyarsa da wani ƙarfe a gicciye ta yadda ba zai iya yin ciki ta ko'ina ba, ka mayar da shi gajeru biyu ke nan, ƙarfinsa ya ninku.

Abu na biyu, mai rami a ciki ya fi dunƙulalle jure lanƙwasa in dai nauyinsu ɗaya ne. Shi ya sa gora take da rami, ƙashin ƙafar dabba ma haka. A nan mai walda yana da gaskiya, bututu ya fi rodi dacewa da ginshiƙi. Amma akwai iyaka. In bangon bututun ya cika siranta, ba zai ma jira ya yi baka ba, bangon ne zai yamutse ya lotsa, kamar yadda gwangwanin lemo yake yi in yaro ya taka shi. Ke nan hanyoyin faɗuwa biyu ne: dogo siriri ya yi baka, gajere mai siririn bango ya lotsa. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da zafi yake yi wa ƙarfe

Je ka maƙera ka tsaya ka ga aiki. Maƙeri ba ya dukan ƙarfe da sanyi. Sai ya zuga wuta, ƙarfen ya yi ja, sannan ya ɗora shi kan uwar maƙera ya sarrafa shi yadda yake so. Ai shi ya sa ake cewa da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. To abokinka mutumin Safana ya yi gaskiya cewa zafi yana tausasa ƙarfe. Tambayar ita ce, wane irin zafi?

Da bazara, a watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafin iska a yankinku yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Ƙarfen da ya wuni a rana yakan fi haka, har ya kai 60 ko 70, ka taɓa ya ƙona maka hannu. Amma a wajen ƙarfe wannan ba komai ba ne, ƙarfinsa yana nan kusan yadda yake. Ƙarfen gini yana fara yin rauni sosai ne in zafi ya wuce digiri 400. A digiri 600 ƙarfinsa ya ragu da fiye da rabi, taurinsa kuwa, wato abin da yake hana shi yin baka, ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku. Narkewa sai wajen digiri 1,500. Ke nan rana ba za ta tausasa maka ginshiƙi ba, gobara ce take yin haka. Gobarar shago mai cike da kaya takan wuce digiri 600 cikin ɗan lokaci. Waɗanda suka ga babbar kasuwar Katsina bayan gobarar watan Maris na 2021, ko kasuwar Sabon Gari ta Kano bayan gobarar 2016, sun san irin ɓarnar da wuta take yi wa kasuwa. A bayan kowace babbar gobara za ka tarar da ƙarafan rufi sun lauye sun rusuno ƙasa alhali ba su narke ba. Laushi kawai suka yi, nauyin da ke kansu ya ƙarasa aikin.

Amma rana tana yin wani abu daban, tana sa ƙarfe ya miƙe. Ƙarfe mai tsawon mita 10, in ya tashi daga sanyin asubar hunturu na digiri 15 zuwa zafin digiri 65 a tsakar rana, zai ƙara tsawon milimita 6, wato kusan kaurin fensir. Ka ji kwanon rufi yana ƙas-ƙas da rana tsaka ko da almuru? To miƙewa da tsukewa ke nan. In ƙarfen yana da wurin miƙewa, babu matsala. In kuwa an matse shi tsakanin bango biyu ba sarari, to shi da kansa zai danne kansa, in siriri ne ya yi baka ko ba a ɗora masa komai ba. Wannan ne ya sa ƙofar ƙarfe takan cije da rana ta saki da dare. Shi ne kuma dalilin da ya sa a tsohon layin dogo, irin wanda ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, aka bar ɗan sarari tsakanin ƙarfe da ƙarfe. A kilomita ɗaya ta dogo, irin wancan canjin zafi yana kawo ƙarin santimita 60. Ba don sararin nan ba, da dogon ya karkace kamar maciji.

Bututun roba fari, irin na jan ruwa a fadama da rijiyar burtsatse, shi labarinsa daban. A nan abokinka yana da cikakkiyar gaskiya. Wannan roba tana yin laushi a wajen digiri 80, kuma tun a digiri 60 ƙarfin ruwan da za ta iya jurewa ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar. Tana kuma miƙewa kusan ninki biyar na ƙarfe. Saboda haka kada a yi ginshiƙi da ita, kuma a binne ta ko a rufe ta daga rana.

Icce kuwa, irin azara da dirka, rana ba ta tausasa shi. Ko a gobara, icce mai kauri bayansa ne yake zama gawayi a hankali, cikinsa ya daɗe yana riƙe da nauyi. Abokan gabarsa su ne gara da laima.

Bututun gawayin da yaro ya faɗa

Yanzu sai mu zo kan maganar ɗan ƙanenka. Abin da ya faɗa akwai shi, ba tatsuniya ba ce. Masana suna kiransa nanotub na kabon. Kabon shi ne sinadarin da ya fi yawa a cikin gawayi da kunkunniya, shi ne bakin fensirin da yara suke rubutu da shi, shi ne kuma dutsen daimon mai tsada. Abu ɗaya ne, bambancin yana ga yadda ƙwayoyin zarransa suka jeru.

A bakin fensir, ƙwayoyin sun jeru ne shimfiɗa a kan shimfiɗa, kowace shimfiɗa kuma saƙa ce mai gida-gida, kowane gida da kusurwa shida, kamar saƙar zuma. To ka ƙaddara an ɗauki shimfiɗa guda, mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, an naɗe ta kamar yadda ake naɗe tabarma, bakin ya haɗu da baki. Wannan shi ne bututun. Wani masani ɗan Japan mai suna Sumio Iijima, na kamfanin NEC, shi ne ya bayyana shi ga duniya a shekarar 1991, lokacin da ya duba baƙin tokar kabon da wata babbar na'urar ƙara girman abubuwa. Waɗanda ya fara gani masu bango da yawa ne, bututu cikin bututu. A 1993 shi da abokin aikinsa, da kuma wasu masana na kamfanin IBM a Amurka, suka samo mai bango ɗaya.

Ƙanƙantarsa ta wuce misali. Raba milimita ɗaya gida miliyan, to faɗin mai bango ɗaya bai wuce gida ɗaya ko biyu ba. Sai ka jera kimanin dubu hamsin gefe da gefe kafin su kai kaurin gashin kai guda. Taurinsa ya kai kusan ninki biyar na ƙarfe, wajen ja kuwa, awon da aka yi a Amurka a shekarar 2000 ya nuna ya fi ƙarfen gini nesa ba kusa ba, ga shi kuma ba nauyi. Har ila yau a 2006 wasu masana a birnin Dresden na Jamus sun ba da rahoton cewa sun ga irin waɗannan bututu a cikin ƙarfen wani tsohon takobin Dimashƙa, wato maƙeran da can sun samar da su a wutarsu ba tare da sun sani ba.

Amma fa duk ƙarfinsa, bututu bututu ne. In an ja shi gwarzo ne, in an danne shi sai ya bi hanyar karan dawa. A 1996 wani masani mai suna Boris Yakobson da abokan aikinsa biyu a jihar Karolina ta Arewa a Amurka suka gwada dannarsa a cikin kwamfuta, suna lissafin motsin kowace ƙwayar zarra. Suka ga gajeren bututun ya jure har tsawonsa ya ragu da kusan kashi 5 cikin 100, daga nan sai bangonsa ya lotsa farat ɗaya. Dogo siriri kuwa baka yake yi, daidai da ƙa'idar Euler. Hanyoyin nan biyu da muka ambata a baya su ne dai. Inda ya sha bamban da gwangwani shi ne, in aka ɗauke nauyin sau da yawa yakan koma ya miƙe garau kamar ba abin da ya same shi.

To zafi fa? Ka san abin da muke kira zafi, a can ciki, rawar ƙwayoyin zarra ce. Kowane abu ƙwayoyinsa suna karkarwa a inda suke, in zafi ya ƙaru karkarwar ta ƙaru. Ka ɗauki misalin mutane goma da suka jeru suna ɗauke da azara a ka. In kowa ya tsaya cik, nauyi ya rabu daidai. In suka fara rangaji, wani ya karkata nan wani can, sai nauyin ya taru a kan mutum ɗaya, ya durƙusa, sauran su bi shi. Haka bangon bututun kabon yake. Da yake kaurinsa ƙwaya ɗaya ce, karkarwar tana sa shi ɗan yamutsewa nan da can, kuma daga irin wannan ɗan yamutsi ne lotsawa take farawa. Gwaje-gwajen kwamfuta da aka yi ta yi daga baya sun nuna cewa yawanci in zafi ya ƙaru, nauyin da bututun yake ɗauka kafin ya lotsa yana raguwa, in an sanyaya shi kuma yana ƙaruwa. In bututun yana da tabo, wato gurbin da ƙwaya ta ɓace a saƙar, ta nan zai fara sarewa, kamar dirkar da gara ta ci gefenta. Mai bango da yawa ya fi jurewa, domin na ciki yana tokare na waje. In zafin ya yi tsanani ƙwarai kuma ana matsa masa, saƙar da kanta takan sauya, gidaje masu kusurwa shida su koma masu biyar da masu bakwai, daga nan lanƙwasar ta zauna ba ta komawa.

Ke nan maganar cewa zafi ba ya yi masa komai ba daidai ba ce. Sai dai ya fi ƙarfe haƙuri ƙwarai. Zafin bazararku ba ya ko gezau da shi, kuma kusan ba ya miƙewa. A wurin da aka zuƙe iska gaba ɗaya yana jure zafin da ya wuce digiri 2,000, inda ƙarfe ya daɗe da zama ruwa. A 2010 masana a Japan sun haɗa wani abu mai laushi kamar roba da zallar waɗannan bututu, wanda bai canza hali ba tun daga sanyin digiri 196 ƙasa da sifili har zuwa zafin digiri 1,000 a inda babu iskar shaƙa. Amma a fili, cikin iska, kada ka manta ɗan uwan gawayi ne. In zafi ya kai wajen digiri 600 zuwa 700 sai ya ci wuta ya bi iska.

Game da inda ake sayarwa, Malam, babu kasuwar da za ka je ka sayo ginshiƙin nanotub, ko a Japan ɗin. Abin da masana'antu suke samarwa baƙin gari ne kamar kunkunniya, ana ɗan barbaɗa shi cikin batirin waya da na mota mai lantarki, da cikin roba da wasu kayan wasanni don ƙara musu inganci. Ƙarfin da ake faɗa na bututu guda ne wanda ido ba ya gani. In an tara su da yawa sai su riƙa zamewa a jikin juna, ƙarfin ya ragu sosai. Don haka duk wanda ya kawo maka ƙarfe ko fenti a kasuwa ya ce na wannan sinadari ne wuta ba ta cinsa, riƙe kuɗinka.

Shawararmu game da rumfarka

Fara da lissafin nauyi. Buhu 30 masu kilo 100 tan 3 ke nan, ban da nauyin dandamali da na masu hawa suna saukewa. Faɗa wa mai walda adadin gaskiya na buhunan da za ka ɗora a shekarar da damina ta yi kyau, ba a shekarar fari ba. In akwai injiniya ko ƙwararren magini kusa, a Katsina ko Dutsin-ma, kai masa lissafin ya duba. 

Kada ka duba faɗin bututu kaɗai, duba kaurin bangonsa a bakin da aka yanke. Araha a nan tana iya zama asara. Rage tsawon ginshiƙai iyakar yadda aiki zai yiwu, ƙara yawansu daga huɗu zuwa shida in da hali, a kuma ɗaure su da ƙarafa a gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa. A tabbata kowanne ya tsaya a miƙe sak, nauyi yana sauka a tsakiyar kansa, domin ginshiƙin da ya karkata tun farko ya riga ya fara faɗuwa. A kafa gindin cikin kankare ya ɗan taso sama da ƙasa don kada ruwan damina ya kwanta ya sa tsatsa, a shafa fenti. In aka cika cikin bututun da kankare, bangon ba zai lotsa ciki da sauƙi ba, kuma zai ƙara daɗewa in wuta ta tashi. Dogon ƙarfen da zai shiga tsakanin bango biyu a bar masa ɗan sarari na miƙewa.

In kuma icce ka zaɓa, babu laifi, amma ya zama mai kauri, busasshe, an yi masa maganin gara, kuma ka riƙa ƙwanƙwasa gindinsa kowace shekara kafin kaka.

Babban abin kiyayewa shi ne wuta. Kada ka ajiye fetur ko janareto a ƙarƙashin hatsinka, a kuma gyara wayoyin lantarki da kyau. In gobara ta kama rumfa mai ƙarfe da kaya a sama, kada kowa ya shiga ƙarƙashi don ceton buhu, domin ƙarfe ba ya sanarwa kafin ya durƙushe. Bayan wuta ta mutu kuma, ƙarfen da ya lauye kada a miƙar da shi a mayar ginshiƙi, a sa shi aikin shinge.

Da fatan wannan bayani zai kashe gardamar majalisarku. A gaida mai walda, a gaida mutumin Safana, shi kuma yaro a ce masa ya ƙara himma a karatu. Sauran masu sauraro da suka aiko da takardu daga Ruma da Runka da Jibiya, ku ƙara haƙuri, suna nan a layi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.